Yadda ake mayar da tsohon tanki murhun bandar nama ba tare da an tashi unguwa ba

Jama'a maganar murhun banda na ƙarfe ta yi yawa yanzu a Legas, kowa ya ga Turawan Amurka a YouTube suna ɗaga murfin wani ƙaton tanki hayaƙi na tashi nama ya yi baƙi-baƙi yana ɗigar mai, sai ya ce shi ma sai ya yi nasa. Kuma abu ne mai yiwuwa, ga masu walda a kowane layi daga Agege har Mile 12, ga kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin, ga 'yan uwanmu 'yan gwangwan da babu irin ƙarfen da ba ya biyowa ta hannunsu. Yanka da walda ba su ne aikin ba, duk yaron shago da ya shekara biyu zai iya. Aikin shi ne tankin da ka ɗauko, me ya taɓa zama a cikinsa, kuma me aka yi masa kafin wuta ta taɓa jikinsa. A nan zan fi daɗewa, mai sauri ya yi haƙuri.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne tankin da aka juye man cikinsa ya fi cikakken tanki haɗari wajen fashewa. Ruwan fetur ɗin ba shi ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska, kuma ba sai da yawa ba, idan tururin ya kai kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar da ke ciki to tartsatsi ɗaya ya isa. Ka lissafa a duro mai lita 200, cokali biyu na fetur kawai sun isa su cika shi da irin wannan iskar. Cokali biyu fa. Kuma wannan ɗan man ba a fili yake zaune ba balle ka goge shi da tsumma, yana maƙale a cikin tsatsa, a bakin ninkin ƙarfe, a cikin baƙin dattin da ya kwanta a ƙasa, sai giranda ta ɗumama wurin sannan ya fito. Shi ya sa "ai ya shekara uku a yashe a bayan gida" ba hujja ba ce, "ai na sansana ban ji komai ba" ita ma ba hujja ba ce. Mu a garin nan ba sai an ba mu labarin tururin mai ba, wanda ya san fashewar bututun mai a Abule Egba a Disambar 2006 ko ta tankar mai a gadar Otedola a 2018 ya san cewa wuta kan iske mutum a inda bai ga ko ɗigon mai ba.

Toh wane tanki za a ɗauka? Ni ra'ayina a fili yake, tankin fetur kar ka taɓa shi, na mota ne na janareto ne ko na gidan mai, ka bar wa masu narka ƙarfe. Bayan maganar fashewa akwai ta dalma, domin shekaru da dama ana zuba dalma a fetur kafin a daina, tsohon tanki na wancan zamani zai iya riƙe ta a jikinsa kuma wuta ba ta cinye dalma. Duk Bahaushen da ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai so ta kusa da abincin iyalinsa ba. Haka duron da aka zuba maganin ƙwari ko na feshin gona, ko man taransifoma, ko sinadarin kamfani da ba ka san sunansa ba, ko wanda mai sayarwa ya ce maka "wallahi ban sani ba amma mai tsabta ne", duk ka wuce. Silindar masu waldar gas kuwa, ta asetilin, ba a yanka ta ko kusa, cikinta ba fanko ba ne, cike take da wani abu mai shan ruwa da aka jiƙa da sinadari mai kama wuta, ruwan famfo ba ya fitar da shi.

Sai kuma wanda ya fi yaudarar mutane, tanki mai farin ƙyalli irin na kwanon rufi, wato wanda aka shafe da zinki don kar ya yi tsatsa. Ka gan shi tas a kasuwa ka ce ka tsinci dami a kala, alhali kallon kitse kake wa rogo. Idan wuta ta ci shi wani farin hayaki yake fitarwa da ke sa zazzaɓi da ciwon ƙirji da ciwon jiki, masu walda sun san shi sarai, wasu har madara suke sha wai tana karya shi, ba ta karya komai.

Tankin dizal yana tsakiya. Dizal ba ya tururi a zafin ɗaki kamar fetur, sai ya haura digiri 52 na Selsiyos yake fara ba da tururin da zai kama, amma bakin giranda ai ya wuce haka nesa ba kusa ba. Idan dole sai shi, wataƙila don girmansa kake so za ka riƙa yi wa biki aiki, to ka kai wa masu wankin tanki da tururin ruwan zafi su wanke, kuma a saka na'urar gwada iskar gas a ciki ta nuna sifili kafin a yanka. In ba ka da halin wannan ka haƙura da shi. Kuma in babba ne mai ƙofar shiga, kar ka yarda a tura yaro ciki ya kankare, mutum na shiga ya faɗi ba ko ihu, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi.

Wanda na fi ba da shawara shi ne silindar gas ɗin girki mai kilo 50, doguwar nan ta gidajen abinci. Gas ɗin girki yana ƙafewa ya fita bai cika barin datti kamar mai ba, ƙarfenta kuma yana da kauri yana riƙe zafi, ba kamar duro ba da iska kaɗan ke sanyaya shi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta ce shekara 15 ne wa'adin silinda, don haka akwai tsofaffi da yawa da suka kamata su bar aiki, kai in ka mayar da ɗaya murhu ma ka rage guda a cikin waɗanda ake sake wa fenti ana cusa wa mutane. Ka nemi mai kilo 12.5 guda ɗaya ita ma, ita ce za ta zama ɗakin wuta. Shawara ta gefe, ka karɓi rasidi a wurin wanda ya sayar maka, kar a tare ka a hanya da silinda biyu a bayan Keke kana ta rantse-rantse.

Yanzu wanki. Da farko ka ɗaura mata kan girki ka ƙone duk abin da ya rage har wutar ta mutu da kanta. Ka girgiza ta ka saurara, in ka ji ruwa na motsi a ciki alhali ba abin da ke fitowa to bawul ɗin ne ya toshe, ka tsaya nan, ka kai wa masu cika gas. Akwai nauyin fankonta a rubuce a wuyanta, in da sikeli ka auna ka gwada. In komai daidai ne ka fita da ita fili, filin gaske nake nufi, ba lungun gidan fes-mi-ai-fes-yu ba inda maƙwabciya ke suyar ƙosai wani kuma ya tada janareto. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi ya gangara kwata ya tafi neman wuta. Ka buɗe bawul gaba ɗaya ka bar ta har shiru, ba sigari, ba mai shayi a kusa.

Cire bawul ɗin shi ne wurin da haƙuri ke ƙarewa, don a ɗaure yake tamau. Ka ɗaure silindar da igiya mai ƙarfi a jikin turke ko bishiya, ka sa babbar sifana ka zura mata dogon paip a hannu, mutum ɗaya ya riƙe kai ka danna a hankali. Ba duka da guduma, ba gasa shi da wuta don ya saki, ba yanke zoben da ya kewaye shi da giranda wai don sifana ta samu wuri. Idan ya saki za ka ji wani ɗan huci da wari mai hawa kai kamar ruɓaɓɓen kabeji, wannan warin sinadarin da ake sa wa gas ne don a gane in yana yoyo, kuma yana kama ƙarfe sosai, zai daɗe. Ka kifa ta baki ƙasa ta kwana a fili.

Washegari ka miƙar da ita ka zura tiyo har ƙasa ka cika ta da ruwa sai ya yi ambaliya ta baki, domin ruwan ne ke turo duk iskar da ta rage waje, rabin silinda ba cikawa ba ne. Za ka ga kumfa na fitowa da wani ɗan maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman ruwan. Ka zuba omo da yawa, ka bar ta kwana biyu ko uku, ka zubar, ka sake cikawa, in da ruwan zafi ya fi. Na san ruwa kuɗi ne a wasu unguwanni, sai ka sayi kura guda a wurin mai ruwa, ka saya ɗin. Ƙaramar silindar ita ma duk abin da aka yi wa babbar sai an yi mata, ƙanƙantarta ba ta sa ta zama mai sauƙi ba. Wanda kuma ya wanke tankin dizal kar ya juye ruwan a kwata, ya tara shi a jarka ya kai inda ake karɓar baƙin mai.

A nan ne za ka yi rigima da mai waldarka, ka shirya. Zai ce maka "Oga ba komai, mun saba, bari in sa masa salansar mota minti goma," wani ma ashana zai ƙyasta a bakin tankin wai ya gwada. Ka ce masa "Malam ka yi haƙuri, kuɗina ne kuma ranka ne, da ruwa za mu yanka ko in ɗauki kayana." Hayaƙin salansa ba abin dogaro ba ne, yana iya ɗauke da man da bai ƙone ba da iska da tartsatsi, don ya yi sau da yawa ya tsira ba ya nufin dabarar na da kyau. Ashana kuwa ba gwaji ba ce, in ta nuna maka akwai gas ba za ka samu damar ba da labari ba.

Yadda za a yi shi ne, silindar na tsaye cike da ruwa, ku zana ƙofa da alli a gefenta, sai a huda ƙaramin rami a cikin zanen da abin huji na hannu ko mai batir, ruwa zai tsarto, to ka tabbata bayan ƙarfen ruwa ne ba iska ba. Sai a toshe bakin da katako a kwantar da ita zanen na kallon sama, ruwan ya tsaya ɗan ƙasa da layin da za a yanka. Amma fa ruwa da lantarki ba sa shiri, don haka wayar giranda kar ta kwanta a ƙasa, mai yankan ya sa takalmin roba da safar hannu da gilashin ido, ya tsaya a kan busasshen katako, wani kuma ya tsaya kusa da soket. In akwai giranda mai batir ta fi. Da zarar ƙofa ta buɗe iska na shiga tana fita, babban haɗarin ya wuce, sai a zubar da ruwan a sake wanke cikin da buroshi.

Wata dabara wajen ƙofar, kar a yanke ta duka ta faɗo. A yanka layin sama, a yi waldar hinji biyu ko uku a kai, sannan a ƙarasa sauran gefunan, in ba haka ba ƙarfen na sakin jiki ya ɗan buɗe kuma ba za ta sake zama daidai ba, kullum hayaƙi na zurarewa. Bayan nan a kewaye bakin ƙofar da siririn ƙarfe shimfiɗaɗɗe, wanda masu walda ke kira "falat ba", ya rufe tsagar. Mariƙi a sa na katako.

Sauran ginin ba wuya. Babbar silinda tana kwance a kan ƙafafu na angul ayan, da taya biyu in kana so ka riƙa jan ta. Ƙaramar ana manna ta a gefe ɗaya amma ƙasa-ƙasa, yadda samanta zai zo wajen ƙasan babbar, a buɗe rami tsakaninsu, domin zafi sama yake nema. Ana so ɗakin wuta ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na ɗakin nama, mai kilo 12.5 ta ɗan gaza haka amma tana aiki. A yi mata ƙofar zuba itace da wata 'yar taga mai zamewa ta shigar iska, a sa rodi a ciki yadda gawayi zai zauna sama da toka. Ɗaya gefen kuma a kafa bututun hayaƙi, paip mai faɗin inci 3 ko 4, kuma bakinsa ya fara daga daidai ragar nama, ba daga can ƙololuwa ba, in ka sa shi a sama hayaƙin zai bi rufi ya fice bai gaisa da naman ba. A ɗora ɗan faranti na ƙarfe a bakin ramin wuta ya karya zafin, a huda ƙaramin rami a ƙasa inda kitse zai riƙa ɗiga cikin gwangwani. Raga kuma ko dai baƙin ƙarfe zalla ko silba marar tsatsa, ban da ragar tsohon firij, ban da wayar kejin kaji, duk shafaffu ne. Ka sayi agogon auna zafi ka ɗaura shi daidai tsayin ragar.

Wanda duk wannan ya yi masa yawa, ya nemi duron da aka zuba kayan abinci kamar man girki, mai murfin da ake cirewa, ya tsayar da shi, ramuka uku ƙanana a ƙasa, kwandon gawayi a ciki, raga a sama kamar santimita 60 daga wutar, ramuka a murfi. Matan Makoko da irin wannan duron suke bandar kifi tun ba yau ba. Sai dai ka leƙa cikinsa, in akwai wani shafi ja ko ruwan ƙasa to sai an ƙone shi an kankare har farin ƙarfe ya fito.

Kafin nama ya shiga sai an yi ƙuna. Ka cika ɗakunan biyu da busasshen itace ka buɗe komai ka bar wuta ta ci sosai na wasu awanni har tsohon fenti ya tashi ya zama gari, ka tsaya ta inda iska ke fitowa, yara su yi nisa, don hayaƙin fenti ba na shaƙa ba ne. In ta huce a bi ta da buroshin waya ciki da waje, a wanke, a shanya, a shafe cikin da man gyaɗa, a sake hura wuta matsakaiciya awa biyu ko uku har cikin ya yi baƙi yana sheƙi. Fenti mai jure zafi a waje kawai, ciki mai ne fentinsa. Ka fara gwadawa da ɗan kitse ko biredin Agege, in ka ji warin gas a jikinsu ka sake ƙuna. Wannan gwajin wari kawai yake kamawa, ba ya kama guba, shi ya sa tun farko muka tsaya a kan zaɓen tanki.

Ita banda ba tsire ba ce, ba balangu ba ce, hannun da ya saba da wutar masu tsiren Obalende sai ya koyi sanyi. Zafin da ake nema digiri 107 zuwa 120 ne na Selsiyos, na awanni. Ka fara da gawayi ya zama garwashi sannan ka riƙa ɗora itace guda-guda, bututun sama a buɗe, da tagar ƙasa kake rage wuta ko ƙara ta. Hayaƙi mai kyau siriri ne mai ɗan shuɗi da kyar ake ganinsa, in ka ga fari mai kauri yana tuƙuƙi to wutar na neman iska kuma naman zai yi ɗaci. Busasshen icen goba ko lemo ko mangwaro yana daɗi, ɓawon kwakwa ma yana yi kuma ba ya wuya a nan. Ban da katako mai fenti, ban da filawud, ban da ragowar katakon kafinta da ba ka san me aka shafa masa ba, kuma don Allah ban da kananzir wajen hura wuta.

Shanunmu ba su da kitse kamar na Turawan da kake gani a bidiyo, sun sha tafiya, don haka in ka je mayankar Oko-Oba ka nemi ƙirji ko haƙarƙari mai ɗan kitse, bayan awa huɗu ko biyar ka naɗe shi da takardar foyil da ɗan romo don kar ya bushe, sai cikinsa ya kai digiri 90 zuwa 95 yake yin laushin da ake nema. Kaza ta kai 74 a cikin cinya, kifi irin tarwaɗa 63. Ni gishiri da masoro da tafarnuwa nake sawa tun farko, yaji sai an sauke, don ƙuli-ƙulin da ke ciki in ya daɗe a hayaƙi ɗanɗanonsa na dushewa. Cinyar ragon layya ma tana yin kyau a ciki ba kaɗan ba.

Inda za ka ajiye shi ma abin dubawa ne. A fili, nesa da janareto da jarkar mai da silindar girkin gida, ba a baranda mai rufi ba ko an yi ruwa, domin gawayi na fitar da iskar nan marar wari da ke kashe mutane a ɗaki, irin ta hayaƙin janareto. Bokitin yashi a kusa, in kitse ya kama da wuta ka rufe ƙofa da taga kar ka watsa ruwa, in abu ya fi ƙarfinka 767 ko 112. Ka kuma sanar da maƙwabta kafin su shanya kaya, in ya nuna ka miƙa musu ɗan rabonsu, gidan haya sai da haka.

Sai tsatsa, wadda a Legas ba ta jira, musamman in kana kusa da ruwa ko damina ta kankama. Duk ranar da ka gama, in ya huce ka kwashe tokar tas, don toka in ta sha ruwa cin ƙarfe take, ɗakin wuta ne ke fara hujewa. Ka goge raga ka shafa mata mai, ka zubar da gwangwanin kitse saboda ɓeraye, ka kifa gwangwani a bakin bututu, sannan ka rufe shi da tampol amma ka bar ƙasa a buɗe iska na wucewa.